ZARE: Hakin da ya mutu a lambun kakana, da tarihin dajin Gundumi

1/
Yau zan ba ku labarin wani haki da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ko akuya ba ta damu da shi ba. Na kai shi lambun kakana a fadamar Isa, ya mutu. Neman dalilin mutuwarsa ne ya kai ni Alkalawa, Landan da duwatsun Azbin. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Turawa suna ce masa fern. Kun san shi ko ba ku san sunansa ba: ganyen nan mai tsaga-tsaga kamar gashin tsuntsu da ake ajiyewa cikin tukwane a otal-otal na Abuja. Danginsa sun haura iri 10,000 a duniya. Masana sun ce ya riga duk wani tsiro mai fure zuwa doron ƙasa da miliyoyin shekaru.

3/
A 2019 na je Jos ɗaurin auren abokina. A bakin titi na ga mai sayar da furanni da wani irinsa, ganye ƙanana kamar farce, kara baƙi siriri kamar gashi. Sunansa na kimiyya Adiantum. Na saya, na rungumo shi a mota tun daga Jos har Isa. Fasinjoji suna ta kallona kamar na ɗauko jariri.

4/
Lambun kakana yana bakin fadama. Mangwaro bakwai, tsamiya ɗaya, gwaiba, da tsohuwar rijiya da aka ɗaure bakinta da duwatsu. Da rana tsaka in ka shiga sai ka ji kamar an kunna maka fanka. Na ce to, nan ne dajin da hakina zai zauna. Na haƙa rami a gindin mangwaro na dasa.

5/
Tsoho yana zaune a kan buzunsa yana kallona. Ya ce, "Kai ɗan boko, wanga abu ci aka yi ko magani na?" Na ce, "Alhaji, ado ne kawai." Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ado? To bari hunturu ya taho, shi ka raba gardama."

6/
Damina ta yi masa daɗi, har sabbin ganye ya fitar, suna fitowa a nannaɗe kamar gammo sannan su warware. Disamba na shiga iska ta juyo. Cikin kwana goma ya koma kamar ganyen shayi. Ina zuba ruwa safe da yamma, a banza. Tsoho bai ce komai ba, goro kawai ya miƙo mini.

7/
Abin ya tsaya mini a rai, na shiga karatu. Abu na farko da na gano: laimar iska yake bukata fiye da ruwan da ake zuba masa a gindi. Mu kuwa ruwan samanmu wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba. Da hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Afrilu zafi ya haura digiri 40.

8/
Na biyu, yadda yake haihuwa. Ba shi da iri. A bayan ganyensa akwai ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, cikinsu wani gari ne mai laushi kamar ƙura. In garin ya faɗi wuri mai danshi sai ya tsiro wani ɗan fallen kore mai siffar zuciya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.

9/
A jikin fallen nan ƙwayoyin namiji da na mace suke, kuma na namijin iyo suke yi su isa wurin na macen. In babu lemar ruwa a wurin, haihuwa ta tsaya. Wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya warware wannan zagayen a 1851. Kenan duk inda ka ga hakin nan ya fito da kansa, akwai inuwa da danshi da suka daɗe.

10/
Sai na tambayi kaina, shin Bahaushe ma ya san shi? Ashe ya sani. Wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa yana tattara tsirrai, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. A ciki akwai kalmar agugu.

11/
Agugu saiwar irin wannan haki ce da masu magani ke sayarwa don kashe tsila. Dalziel ya nuna ba a ƙasar Hausa take fitowa ba, daga wajen Adamawa fatake ke kawo ta. Wato kakanninmu sun san shi a tabarmar mai magani, ba a tukunyar ado ba. Tambayar Tsoho tana kan hanya. Daga nan zan riƙa ce wa dangin duka agugu.

12/
Gargaɗi kafin wani ya ruga kasuwa: saiwar nan guba gare ta. Turawa ma sun daɗe suna maganin tsila da ita, suka daina saboda in ta yi yawa tana taɓa hanta, tana iya makantar da mutum. Mai tsila ya je asibiti don Allah.

13/
Yanzu mu leƙa Landan. A 1829 akwai wani likita, Nathaniel Ward, a gabashin birnin. Yana son agugu kamar ni, kuma nasa ma mutuwa suke yi. Ni hunturu ne ya kashe nawa, shi hayaƙin kwal na masana'antu. Wata rana ya rufe tsutsar wani malam-buɗe-littafi cikin kwalba da 'yar ƙasa mai danshi don ya ga ƙyanƙyasarta.

14/
Bayan ɗan lokaci ya ga agugu da wata ciyawa sun tsiro cikin kwalbar. Ba ya ba su ruwa, amma suna raye. Rana ta ɗaga ruwan ƙasar ya zama tururi, ya taru a jikin gilashi, ya gangaro ya koma ƙasa. Kuma irin da ya tsiro ɗin shi ne wanda Dalziel ya yi zaton shi ne agugun kasuwanninmu.

15/
Ward ya sa kafinta ya ƙera masa akwatunan katako da gilashi. A 1833 ya cika biyu da tsirrai ya aika Sidni ta Ostareliya a jirgin ruwa, tafiyar watanni. Suka isa da rai. Kafin nan yawancin tsirran da ake ɗauka a jirgi mutuwa suke yi, gishirin teku ya ƙone su, ga ƙarancin ruwan sha.

16/
Ingila ta haukace da agugu. A 1845 aka soke harajin gilashi, akwatin ya yi araha, kowane gidan masu hali yana so. A 1855 marubuci Charles Kingsley ya raɗa wa abin suna, ma'anarsa haukan agugu. Ana zana shi a kwanuka, labule, har kan duwatsun kaburbura.

17/
Haukan ya yi ɓarna. Mutane suka bazama dazuzzuka da kwazazzabai suna tumɓukewa suna sayarwa. Wani iri da ake kira na Killarney a Ayalan, saura ƙiris a ƙarar da shi. Har yau doka ce ke kare shi. Son abu ma yana kashe shi in babu hankali.

18/
To ina ruwan Gobir da akwatin Ward? Ku biyo ni. Da shi Robert Fortune ya kwashe dubban dashen shayi daga Sin zuwa Indiya tsakanin 1848 da 1851. Da shi aka kai dashen roba daga lambun Kew na Landan zuwa Silon da Singafo daga 1876. Da shi kuma aka kwaso itacen sinkona daga Kudancin Amurka wajen 1860.

19/
Daga ɓawon sinkona ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Zazzaɓin nan shi ne katangar da ta daɗe tana hana Bature shigowa cikin ƙasashenmu. A 1854 Dokta William Baikie ya shigo Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe.

20/
Da aka yi gonakin sinkona a Indiya da Jawa, kwinin ya wadata. Ba ina cewa akwatin gilashi ne ya ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 ba, bindiga mai ruwa ce ta yi wannan aikin. Amma mai riƙe da bindigar sai da ya tsira daga sauro tukuna. Abin da ya faro daga sha'awar haki ya zo har ƙofar gidanmu.

21/
Mu dawo gida. Na koma wurin Tsoho na ce, "Alhaji, wai ƙasar nan ta taɓa yin duhun daji kuwa?" Ya ce, "Kai yaro na. Gundumi da munka sani, da rana tsaka ba ka ganin wanda ag gabanka." Na ɗauka cika bakin tsofaffi ne, sai na duba rubuce-rubucen matafiya.

22/
Gundumi shi ne dajin da ke tsakanin yankin Isa da ɓangaren Wurno da Sakkwato. Hugh Clapperton ya ratsa shi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth ya bi ta nan a 1853. Dukansu abu biyu suka ambata: ƙishirwa da tsoron mahara.

23/
Ayarin Barth kwana da yini suka yi suna tafiya ba yada zango, har suka fita dajin suka tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu. Mahara da suke tsoro kuwa su wane ne? Mayaƙan Gobir. Nan tarihin dajin ya haɗu da tarihin sarauta.

24/
A taƙaice: Gobirawa sun ce daga Azbin suka gangaro kudu, suka zauna Birnin Lalle, daga baya Sarki Babari ya ci Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 ya kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci birnin, Sarki Yunfa ya rasu a wurin.

25/
Ba a nan rigimar ta ƙare ba. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya faɗi. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi. Daga baya wani reshe na gidan ƙarƙashin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Isa kuma ta zama ribaɗin daular Sakkwato. Shi ya sa har yau garuruwan biyu kowanne ke da Sarkin Gobir.

26/
To ku lura da kyau. Tsakanin masu gaba biyu akwai ƙasar da ba mai iya noma ta, don wanda ya yi gona a can kamamme ne. Ƙasar da ba a nomawa kuwa itace ke cinye ta. Duhun Gundumi yaƙi ne ya shuka shi. Kakanninmu ba gandun daji suka keɓe ba, tsoro ne ya keɓe musu.

27/
Kuma kar mu yi wa tarihi kwalliya. Ko a wancan lokacin Gundumi dajin ƙaya ne da geza da sabara da marke, ba ruwa. Da na kai hakina can a zamanin Barth ma mutuwa zai yi. Danshin ƙasarmu a fadama yake, inda Bunsuru da Gagare suka haɗu suka zama Rima, gulbin Maraɗi ya shigo ta wajen Sabon Birni.

28/
Turawa suka zo suka ja layi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, da gyare-gyaren 1904 da 1906, sannan aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Gida ɗaya, tuta biyu.

29/
Da hare-hare suka lafa, mutane suka fito daga bayan ganuwa suka shiga sassabe. Ƙauyuka suka tsiro inda da ba mai kwana. Ga haraji da sai da kuɗi ake biya, ga gyaɗa da auduga da ake nomawa don a samu kuɗin. En'e ta keɓe wani ɓangare na Gundumi a matsayin gandun daji, sauran gatari ya shiga.

30/
Sai fari. Yunwar Kakalaba ta 1914, farin 1973, da na 1984 wanda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari. Duk lokacin da hatsi ya ƙare, itace ne bankin talaka: a sare, a kai kasuwa, a auno gero. Ba wanda zai zargi mai jin yunwa. Amma kowace yunwa ta tafi da inuwar da ba ta dawo ba.

31/
Yanzu ku tsallaka iyaka ku ga abin mamaki. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Ya duƙa ya duba 'yan kumbun da ke tohowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara. Ashe kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na raye a ƙasa.

32/
Dabarar ba ta da wuya, kuma manoma sun san ta tun da. Kar ka sare tohon duka. Zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, ka datse sauran, ka kare su daga dabbobi. Saiwar ta riga ta kai ga ruwa, don haka girman da sauri. Suka sa mata suna sassabin zamani.

33/
Abin da ya hana a da shi ne doka. Tun dokar daji ta Faransa ta 1935 itace na gwamnati ne, ko a gonarka yake, ka taɓa a ci ka tara. Wa zai yi wahalar rainon abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, har dokar 2004 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa, sai gonaki suka cika da gawo, kalgo, aduwa da magarya.

34/
Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba yaƙi ne ya shuka wannan dajin ba, manoma ne da lauje da adda. 'Yan uwanmu ne, harshe ɗaya, zane ɗaya a fuska, ƙasarsu ma ta fi tamu ƙarancin ruwa.

35/
Gawo shi ne sarkin abin. Da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki. Da rani yake yin ganye, dabba ta samu inuwa da 'ya'yan ci. Duk mai son lambu mai inuwa a ƙasarmu ya fara da irin waɗannan. Ni na fara da haki kafin in tambayi iska, shi ne kuskurena.

36/
Kuma ashe muna da agugunmu na gida. Ganyen nan mai kunne huɗu da ke yawo a kan tabki da damina, Marsilea, danginsu ne. Tabki ya ƙafe, ƙwansa ya kwanta cikin busasshen laka shekaru yana jiran ruwa. A duwatsun Bagzan na Azbin, inda tsauni ya kai mita 2,022, an samu wani mai suna Actiniopteris a tsagar duwatsu.

37/
Wannan na Azbin in rani ya yi sai ya dunƙule ya bushe kamar ya mutu, ruwa na sauka ya buɗe. Can inda Gobirawa suka ce daga nan suka fito. Da na gaya wa Tsoho sai ya ce, "To wanga shi a Bagobiri. Naka na Jos ɗan gata na."

38/
Ban haƙura ba. A 2020 na sa aka kawo mini wani. Wannan karon na yi wa Ward satar basira. Na samu fasasshiyar randa na binne rabinta a arewacin rijiya inda rana ba ta kaiwa. Na zuba ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, yashi da gutsattsarin gawayi. Na yanke gindin babbar gorar roba na kifa a kai.

39/
Da hunturu ina buɗewa da asuba kaɗan ya sha iska, in mayar. Randar tana tsotsar ruwan da ke zuba in ana jan guga, tana riƙe sanyi kamar yadda take yi wa ruwan sha. Na yi masa shingen zana ta gabas. Ya ƙetare hunturu, ya ƙetare bazara. Tsoho da kansa ya koma yana leƙa shi, wai yana duba "baƙon Jos".

40/
Sauran labarin kun san shi. A Mayun 2020 an kashe mutum sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Dubbai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Hanyar Gundumi ta koma yadda Barth ya same ta, ana bin ta da addu'a. A ƙarshen 2021 zuwa lambu ya gagare mu, muka dawo da Tsoho Sakkwato.

41/
Abin da ya fi ci mini rai: a ƙarni na 19 tsoro ya hana gatari shiga daji. Yanzu tsoro ya kori mai lambu, ya bar mai gawayi. Wanda aka raba da gonarsa ba shi da abin sayarwa sai icce. Mun rasa zaman lafiyar, ba mu samu inuwar ba.

42/
Ina jin masu cewa a ƙone dazuzzukan kawai a huta. Na fahimci zafin, mu ma an taɓa mu. Amma marke bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Dajin da ba hukuma, ba makaranta, ba burtali, ba mai shi, shi ke zama maɓoya. Gonakin Maraɗi cike suke da itace, kuma kowane icce da mai shi.

43/
Tsoho ya rasu a Sakkwato, bai sake ganin lambunsa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama. Bara wani ƙanena ya samu ya leƙa. Mangwaro uku sun tafi gawayi. Randa ta fashe, gorar roba iska ta yi gaba da ita, hakin babu.

44/
Amma da ya leƙa rijiya ya ɗauko mini hoto. A tsakanin duwatsun bakinta, ta ciki, kamu biyu daga sama, ga 'yan ganye ƙanana da baƙin kara. Garin nan mai kamar ƙura ya faɗa ciki ya samu abin da yake nema. Rijiyar da Tsoho ya ɗaure da hannunsa ta fi randata da gorata iya raino.

45/
Na roƙi ƙanena ya bar sauran mangwaro huɗun ko da za a ba shi nawa, kuma kututturan ukun in sun toho kar a sassabe. In Allah Ya kawo lafiya, da gawo da tsamiya zan fara.

46/
Ku kuma ga aiki: mai kaka a raye ya tambaye shi itatuwan da ke bayan garinsu da yana yaro, ya rubuta sunayen a ƙarƙashin zaren nan. In a garinku akwai wani suna da ake kiran agugu da shi, ina so in ji. Allah Ya zaunar da Gobir lafiya, gabas da yamma, wannan gefen iyaka da wancan.